Lachie Ba-Ma-Ji

Ƙanena Lachie Petrie mai wankin tagogi ne. Duk wanda ya taɓa kwana a garinmu Arbroath ya san jan tsaninsa, ya kuma san muryarsa. Tsanin kana iya kauce masa, amma muryar ko ka rufe taga ka ja labule sai ta same ka har ɗakin girki. Ni ce yayarsa, Ishbel mai kifin banda a bakin tashar jiragen ruwa. Ni na riƙa jan sa zuwa makaranta yana tirjiya, saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma na yi ba.

Yana da shekara goma sha bakwai ya kamu da ciwon da bai warke ba har yau, wato son Jiƙaƙƙiyar Ashana. Sunan ƙungiyar makaɗa ne, samari huɗu 'yan garinmu, masu irin kiɗan rok ɗin nan da gidan rediyo ba ya sakawa sai in mai gabatarwa ya gaji da aikinsa. Jita biyu, ganguna, da wani dogon yaro mai suna Struan Baird yana waƙa kamar wanda aka ƙwace wa abinci. Ba su taɓa yin suna a wajen gari ba, amma a Zauren Masunta ba a ja da su.

Ranar da ya fara ganin wasansu, Lachie ya kutsa har gindin sifikar hagu, wata ƙatuwa da ta fi firjin shagona tsayi. Suka gama waƙar farko, ƙura na zubowa daga rufi, kofuna na rawa a kan tebur, kowa kunnensa na amo, sai ƙanena ya buɗe wannan bakin nasa ya ce, "Ba ma ji! A ƙara!" Zaure ya fashe da dariya. Struan ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga wa mai kula da sauti yatsa sama, aka murɗa. Tun daga ranar abin ya zama doka. Ba a shiga waƙa ta biyu sai Lachie ya yi ihunsa an ƙara. Har sunan ya bi shi, Lachie Ba-Ma-Ji, kuma akwai yara a garin nan da suke zaton sunan mahaifinmu ne.

A gindin sifikar ya haɗu da Senga. Ta taka masa ƙafa ba ta ba shi haƙuri ba, ya dawo gida yana ɗingishi ya ce mini ya samu matar aure. Ya bi ƙungiyar zuwa Glasgow, ya bi ta zuwa Aberdeen, har Hamburg sau ɗaya, inda 'yan kallon ba za su cika motar haya ba, ya yi ihunsa Jamusawa suka ɗauka faɗa ne ya tashi. In kana son ka zage shi kuwa, miƙa masa abin toshe kunne.

"Toshe kunne a gaban jita?" in ji shi. "Ai gara ka ci kifin Yaya da takardar da aka naɗe shi."

Na sha gaya masa ba a sayar da kunne a kasuwa. Ya ce ni tsohuwa ce tun ina yarinya.

Shekaru suka ja. Gashi ya zube, tumbi ya fito, mai ganga ya fara zuwa da matashin kai saboda ciwon baya. Wasan ƙarshen shekara, wanda duk gari ke jira, aka dawo da shi Asabar da yamma don kowa ya koma gida ya sha maganinsa a kan lokaci. Lachie dai na nan a gindin sifikar hagu. Su ba su haifi 'ya'ya ba shi da Senga, ba ya kallon ƙwallo, ba ya kamun kifi. Wurin nan da ihun nan su ne abin da yake da shi, in ka cire su ban san abin da zai rage masa ba sai bokiti da tsani.

Sai bara ƙungiyar ta fitar da sabon faifai, bayan ta daɗe ba ta yi ba.

Yatsun babban mai jitar sun fara ƙagewa da sanyin ƙashi, don haka Struan ya ɗauko wata mata daga Dundee, Nuala, mai fiyanon lantarki da wani ɗan akwati mai maɓallai. Aikin akwatin shi ne a naɗi ƙarar wani abu, a yanka ta, a ɗinka ta cikin waƙa. Suka bi tasha suna naɗar kukan tsuntsayen teku, da ƙarar sarƙar jirgi, da ƙararrawar gwanjon kifi, har da ɗigar ruwa daga rufin Zauren Masunta. Jitar tana nan, amma ta koma baya ta ba baƙi wuri.

Gari ya rabu biyu, layin shagona ya zama kotu.

"Wannan ba kiɗa ba ne," in ji Tam mahauci. "Firji ne ya lalace aka naɗa."

"Kai dai ba ka da kunne," in ji wata malamar makaranta da ke bayansa. "Ni teku na ji a ciki."

"Teku ga shi can bayan shagon Ishbel, 'yar uwa, je ki ji har ki ƙoshi. Ni jita nake nema."

Wani ya ce ai sata ce, ka ɗauki kukan tsuntsu ba ka tambaye shi ba. Wata ta ce ita ma jitar lantarki take sha, in za a kori na'ura da ita za a fara. Wani dattijo ya ce shi bai ƙi fiyanon ba, amma a kai shi coci inda aka san darajarsa. Matasa kuwa, waɗanda da suke kiran ƙungiyar kiɗan kakanni, sai ga su suna yawo da faifan a kunne, wannan ya ƙara tunzura manya. Ni dai na so shi, ban kuma ɓoye ba. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza.

Waƙar ƙarshe ce ta kama kowa, har masu zagin. Ganga na tafiya a hankali, fiyano na zuba siriri can sama, sai wata 'yar murya ta shigo. Sun tono ihun Lachie ne daga wani tsohon kaset na wasanninsu na farko, Nuala ta ƙara masa gudu ta sirantar da shi har ya koma kamar kukan tsuntsu, yana ta maimaituwa har faifan ya ƙare: ba ma ji, ba ma ji. Ranar da na fara jin ta ina cikin naɗe kifi, sai da na juya baya na share ido, na ce wa mai saye hayaƙi ne. Yaron nan da na riƙa goge wa majina aka adana a ciki da ƙuruciyarsa.

Kowa ya zuba ido ya ga Lachie ya zo yana fankama. Sai ga shi a kan tsani yana yanke hukunci taga bayan taga.

"Fanko ne!" in ji shi. "Rabinsa shiru, rabinsa ganga na ɗingishi. Ina jitar? Na'ura ba ta da zuciya, ba ta gumi, ba ta tsinka tsirkiya. Da tsohuwar zuma ake magani!"

Ya faɗa wa mai aski, ya faɗa wa masu gidan burodi, ya faɗa wa wata tsohuwa da ta buɗe taga don kawai ta tambaye shi ƙarfe nawa. A ƙarshe ya tsaya a shagona ya rantse a gaban layi cewa wasan ƙarshen shekara ba da shi ba, a ɗora akwatin a wurinsa ya yi musu ihun.

Nan muka tafka kuskuren da mutanen garinmu suka ƙware a kai. Mu ba ma tambayar namiji abin da ke damunsa. Kana iya yi wa sanƙonsa ba'a, ka zagi karensa, amma "me ya taɓa ka?" ya fi ƙarfin bakinmu. Kowa ya yanke a ransa cewa ran Lachie ne ya ɓaci, an ɗauki ihunsa ba izini an mai da shi muryar tsuntsu, shi ya sa yake yi kamar babu ita a faifan. Don haka ba tare da an zauna ba duk gari ya haɗa baki, aka daina ambaton waƙar ƙarshe a gabansa. Da ya shigo mashaya sai a koma maganar ruwan sama.

Labari ya kai kunnen Struan, wanda shi a ransa girmamawa ya yi. Ya samu Lachie yana wanke tagogin saman kantin magani, ya tsaya a gindin tsani ta hagunsa, hula a hannu, ya fara ba da haƙuri ƙasa-ƙasa don kada titi ya ji. Ni ina tsallake ina kallo. Ya daɗe yana magana, Lachie ko waiwaye, sai goge gilashi yake yi. Struan ya mai da hularsa ya tafi kamar an zare masa laka. Kafin yamma gari ya ɗauka cewa Lachie ya yi wa Struan kunnen uwar shegu, aka kuma ce Struan ya gaya wa mai ganga in wurin Lachie a gindin sifika ya zama fanko ranar wasa, shi da waƙa sun yi sallama.

Raina ya ɓaci, na yi niyyar in wanke ƙanena tas. Ranar da ya zo wanke tagar shagona na kira shi ciki na ba shi shayi, na sa faifan daidai waƙar ƙarshe, na tsaya riƙe da ƙugu. Muryarsa ta cika shagon. Shi kuwa sai kurɓar shayi yake yi.

"To?" na ce.

"To me? Kin ga abin da nake faɗa ko? Bum, bum, sai shiru. An sayar muku da iska."

Daidai nan agogon murhun bandata ya fara ƙara, ɗan tsit-tsit ɗin nan mai huda kai, ga shi a kan kanta dab da gwiwar hannunsa. Bai ko ƙifta ido ba. Na bar agogon yana ta yi, ina kallon ƙanena yana neman sukari. Nan na fara ganewa.

"Lachie, ba ka jin komai a saman gangar nan?"

"Me zan ji? Ba komai a wurin."

"Agogon nan fa?"

Ya dubi agogon, ya ga fitilarsa na walƙiya, ya dube ni. Fuskarsa ta yi irin yadda take yi in ya fasa wa mahaifiyarmu abu muna yara.

Na kira Senga. Ta zo da rigar aikinta, ta zauna a kan kujerar masu jira.

"Ni na sani tuntuni, Ishbel," in ji ta. "Da talabijin ɗinmu maƙwabta ke bin labarai. In an danna ƙararrawar ƙofa ni ke cewa tashi ana nemanka. To in ce masa me? Mutumin da sunansa Ba-Ma-Ji?" Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Na gaya masa komai da ƙarfi, ta kunnen dama: abin da ke cikin waƙar, abin da gari ke zato, da Struan a gindin tsani. Na ƙarshen nan ya fi dukan sa.

"Struan ya zo? Wajena? Na bar shi a tsaye?"

Ya ajiye kofin, bai ƙarasa shayin ba, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya bar shayi ba.

Kai shi asibitin kunne sai da muka yi kamar za mu ɗaure shi. Da aka nuna masa 'yan na'urorin da za a maƙala masa a bayan kunne sai ya miƙe tsaye.

"Na'ura? A kaina? Bayan duk abin da na faɗa a garin nan?"

"Zauna, mai tsohuwar zuma," na ce. "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Likitar, wata siririya marar wasa, ta ce siraran sautuka sun riga sun tafi, kunnen hagu ya fi lalacewa, amma na'urar za ta dawo masa da wasu. Sannan ta faɗi wadda ta fi zafi. Tsayawa a gindin sifika ya ƙare. In ya sake, ɗan abin da ya rage ma zai bi sahu. Lachie bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya fi ba ni tsoro.

Makon farko ya addabe mu. Ya ce Senga na tauna da ƙarfi. Ya ce agogon bango na yi masa rashin kunya. Ya ji ƙiƙi-ƙiƙin robar da yake goge gilashi da ita, ya sauko daga tsani ya ce, "Ashe haka nake azabtar da bayin Allah?" Faifan kuwa ya ƙi taɓawa, sai da na tura shi bayan shago tsakanin kifaye, na tare ƙofa, na sa masa.

Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya harɗe hannuwa. Tsuntsaye suka shigo, ya ɗaga kai. Ƙararrawa ta kaɗa, ya ce a hankali, "Gwanjon safe ke nan." Da waƙar ƙarshe ta zo ya yamutsa fuska.

"Ni ne wannan? Kamar an taka wutsiyar kyanwa?"

"Kai ne."

"Lokacin ina da gashi."

Ya saurara har ƙarshe, ya ce in mayar. Na mayar. Sannan ya ja hanci ya ce, "Hayaƙin shagon nan ya yi yawa, Yaya. Kuma har yanzu jitar ba ta isa ba."

Na zaci an gama, ashe da sauran rina a kaba. Ya ce duk da haka wasan ba da shi ba.

"In je in tsaya a ina? A baya, da masu riƙe wa matansu jaka? Ni da na ƙare rayuwata ina cewa a ƙara? Tam zai yi dariya har ya faɗi."

"To je ko don Struan."

"Da wane idon zan kalle shi?"

Ya sa muka yi alkawari ni da Senga ba za mu gaya wa kowa ba. Ya ja hular ulu ya rufe kunnuwa, sanyi ya ba shi hujja. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, har na hana shi kifi, bai motsa ba. Ina ji ina gani abin da aka gina tun muna da haƙoranmu zai rushe saboda kunya, kuma bakina a ɗaure.

Ranar Asabar zaure ya cika. Masu son na'ura gefe, masu ƙin ta gefe, kamar dangin ango da na amarya a coci. Gindin sifikar hagu kuwa fanko, duk matsin da ake yi ba wanda ya yarda ya taka wurin. Ni ina can baya kusa da inda ake rataye riguna, don ƙafata ba ta son turereniya. Struan ya fito, idonsa ya fara zuwa wurin, ya ɗauke da sauri.

Suka yi waƙar farko, tsohuwa mai jita, da ƙarfi yadda aka saba. Ta ƙare, aka yi tafi, tafin ya mutu. Sai shiru, shirun nan da ihun Lachie ke cikewa. Mai kula da sauti ya ɗora hannu a kan abin murɗawa yana jira. Na ga Nuala ta kai yatsa kan akwatinta tana duban Struan, ko ta danna ihun da aka naɗa a wuce wurin. Ya girgiza mata kai. Ya fara zare makirfo daga sandarsa kamar mai shirin yi wa jama'a ban kwana.

Sai rigunan da ke bayana suka motsa. Muryar da na sani tun tana kukan nono ta tashi dab da kunnena har na kusa faɗuwa.

"Muna ji! A rage!"

Duk zauren ya juyo. Lachie ne tsakanin riguna, Senga riƙe da hannunsa, ya cire hular, 'yan na'urorin na ƙyalli a bayan kunnuwansa kowa na gani. Tam mahauci ya buɗe baki, na zuba masa ido, ya rufe. Struan ya daɗe yana kallon ƙanena daga can. Na ga lokacin da ya gane komai, har da maganar tsani, don sai da ya kai hannu ya taɓa nasa kunnen. Sannan ya yi dariyar nan tasa ta riƙe ciki, ya share fuska da hannun riga, ya juya ga mai sauti ya nuna ƙasa da yatsa.

Aka rage. Struan ya raɗa wa sauran wani abu, suka tsallake duk waƙoƙin da suka shirya suka tafi kai tsaye ga ta ƙarshe. Ganga a hankali, fiyano siriri, sannan yaron nan ɗan shekara goma sha bakwai ya shigo yana cewa ba ma ji, ba ma ji, a saman kawunan tsofaffi. Ba wanda ya yi tari. Har ɗigar rufi ana ji, ban san ko ta akwatin ce ko ta gaske ba.

Na juya zan tsokane shi, in tambaye shi ko yanzu na'ura ta yi zuciya. Na buɗe baki ke nan ya ɗaga mini hannu, bai ko dube ni ba.

"Yi shiru, Yaya," ya ce a hankali. "Ina saurare."